Fitilun bishiyar Kirsimeti: a gyara na bara ko a sake, kuma wane iri za a saya?

Kowace fitilar ado kyakkyawa ce a shagon mai sayarwa. Ya jona ta, ja da kore da shuɗi suka shiga wasa, ka biya ka kama hanya. Bambancin da ke tsakaninsu ba ya bayyana sai ranar da suka fara mutuwa, kuma a nan ya kamata mai saye ya sa ido tun bai fitar da kuɗi ba. In ƙwai ɗaya ya ƙone, me zai sami sauran? In an ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, wane ɓangare ne zai fara tafiya, kuma ana samun madadinsa? In yaro ya kama wayar a inda ta ɗan kwaile, wuta mai ƙarfin nawa ce za ta taɓa shi? Duk wanda ya iya amsa waɗannan a kan igiyar fitilar da ke hannunsa ya san ko ta cancanci a ɓata mata yammaci guda wajen gyara, ko kuwa ta bola ce.

A gidajen Kirista na Jos da Kaduna da Kafanchan da Wusasa da Sabon Garin Kano, farkon Disamba ne ake sauko da kwalin kayan ado daga saman sif, a warware igiyoyin bara, a tarar rabi ya kama rabi ya yi shiru. Waɗannan fitilun dai su ne ake ratayawa a tituna lokacin Maulidi, su ne a ɗakunan biki da gaban shaguna, don haka zancen ya shafi kowa, ko da a kan bishiya aka fi ganin takaicinsu.

Dalilin da ƙwai ɗaya ke kashe ɗari

A shekarar 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya naɗa wa bishiyar gidansa da ke New York ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a lokacin da sauran mutane kyandir suke liƙawa a rassan itace. Daga baya da masana'antu suka so su yi abin da talaka zai iya saye, sai suka bi hanya mafi arha: maimakon kowane ƙwai ya ɗauki cikakken ƙarfin wutar gida, sai a jera ƙanana da yawa a waya ɗaya su raba ƙarfin a tsakaninsu. Wutar Nijeriya da Nijar da Ghana tana tsakanin bolt 220 zuwa 240. Ƙwai 20 masu bolt 12 sun cinye ta, haka ma 40 masu bolt 6. Wutar tana shiga ta ƙwan farko, ta fita ta shiga na biyu, har zuwa na ƙarshe, kamar duwatsun wuya a zare guda. In zaren ya tsinke a ko'ina, an gama.

Masu ƙera tsohon ƙwai mai zaren ƙarfe a ciki sun san wannan matsalar, sai suka yi mata dabara. In ka ɗaga ƙwan ka duba gindinsa da kyau, za ka ga wata 'yar siririyar waya da aka naɗe a kan ƙafafu biyun da ke riƙe da zaren. Wayar ko-ta-kwana ce. An shafe ta da wani abu da ke hana wuta bi ta cikinta muddin zaren yana da rai. Da zarar zaren ya ƙone, duk ƙarfin wutar igiyar sai ya taru a wannan wuri, ya fasa shafen, wuta ta tsallake mataccen ƙwan ta ci gaba. Shi ya sa a igiya mai lafiya kake ganin ƙwai ɗaya ya mutu sauran suna ci.

Amma dabarar tana da bashi a bayanta. Ɗauki igiya mai ƙwai 20 a wutar bolt 240, kowane yana shan 12. In huɗu suka mutu aka tsallake su, saura 16 ne za su raba 240 ɗin, kowane ya koma shan 15. Sai su ƙara haske, mai gida ya ji daɗi, alhali ajalinsu ne ya matso. Na biyar ya tafi, nauyi ya ƙaru a kan saura, haka har su bi juna cikin dare ɗaya. In ka ga igiya ta mutu kuma gilashin ƙwayayenta da yawa ya yi baƙi daga ciki, abin da ya faru ke nan, kuma babu abin gyarawa. Wasu igiyoyin da aka yi don kasuwar Ingila suna da ƙwai guda mai farin kai wanda aikinsa aikin fis ne, shi ake so ya fara ƙonewa kafin a kai ga haka. Duk wanda ya maye gurbinsa da ƙwai na gama-gari ya cire wa igiyar kariyarta.

Wani lokaci kuma ita wayar ko-ta-kwanan ce ke ƙin aiki, ko ƙwai ya ɗan zame daga mazauninsa, ko ƙafarsa ta lanƙwashe. A nan igiya gaba ɗaya ko rabinta ke yin duhu, kuma wannan ita ce mutuwar da ake iya tashi daga gare ta.

Tsohon yayi: mai zaren ƙarfe

Abin yabo a wannan iri shi ne haskensa mai laushi ne, ruwan zuma, ba ya sukar ido, kuma an yi shi ne don a gyara: ƙwan yana zarewa, a sa wani. Abin da ke kayar da shi a yau shi ne samun ƙwan canji. Dole sabon ya yi daidai da tsohon a ƙarfin wuta da kuma siffar gindi. In ka sa mai bolt 6 a igiyar masu 12, ba zai yi aiki daidai ba. Masu shaguna kuwa sun daina ajiye su. Hanyar da ta rage ita ce a sadaukar da igiya ɗaya a riƙa cire mata ƙwai ana ciyar da 'yar'uwarta, in dai tagwaye ne daga kamfani ɗaya.

Yana kuma zafi. A bishiyar roba da aka yi wa ado da auduga da takarda mai ƙyalli, aka jingine ta kusa da labule, a tsakiyar hunturu lokacin da komai ya bushe ƙayau, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ya kamata a faɗi maganar fitilun Amurka, domin suna shigowa ta gwanjo da ta jakar 'yan'uwa masu dawowa hutu, kuma a ido sun fi na kasuwa kauri da inganci. Wutar Amurka bolt 120 ce. Igiyarsu yawanci ƙwai 50 ne masu bolt biyu da rabi a jere ɗaya, mai ƙwai 100 kuwa jeri biyu ne, shi ya sa rabi kan mutu rabi na ci. A cikin filoginsu mai faffaɗan ƙafafu akwai 'yar ƙofa da ake turawa, da ƙananan fis guda biyu a ciki. In ka sa mata adafta ka jona a soket ɗinmu, ka ba ta kusan ninki biyu na abin da za ta iya ɗauka. Za ta yi wani haske mai ban sha'awa na ɗan lokaci kaɗan, shi ke nan. Adafta siffar ƙafa kawai yake canzawa, ba ya rage ƙarfin wuta. Sai an haɗa da taransifoma mai saukar da wuta zuwa 110 ko 120, wadda sau da yawa ta fi fitilar tsada. Akwai wata na'ura da ake sayarwa can, LightKeeper Pro, mai siffar bindigar roba, wadda ke harba ɗan ƙarfin wuta cikin igiya don ta farkar da wayar ko-ta-kwanan da ta maƙale. Tana aiki a kan irin waɗannan ƙananan ƙwayayen masu zare, amma ba ta da abin da za ta yi wa LED, wato ƙwayayen zamani marasa zare, don haka kar hoton bidiyo ya ruɗe ka ka yi odarta saboda igiyar da ka saya a kasuwar Taminus ta Jos.

Mai ɗan akwati: sarkin kasuwa

Wannan ita ce fitilar da ta cika kasuwar Sabon Gari a Kano da babbar kasuwar Kaduna da tiren masu talla a bakin titi: ƙwayayen LED ɗari ko fiye, siririyar waya kore ko fara mai sheƙi, da ɗan akwatin roba mai maɓalli ɗaya da ke canza salon walƙiya har kala takwas. Galibin kayan adon Kirsimeti na duniya daga Sin suke fitowa, musamman birnin Yiwu da ke lardin Zhejiang, kuma can ana yin mai kyau ana yin na banza, gwargwadon kuɗin da ɗan kasuwa ya ce zai biya. Abin da ke isowa tiren mai talla yawanci na ƙasan layi ne.

Ƙwan LED a kan kansa abu ne mai juriya. Ba shi da zaren da zai ƙone, ba ya zafi sosai, wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai. Shuɗinsa ma, wanda daga gare shi ake samun farin, shi ya ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Matsalar ba ƙwan ba ce, abin da aka kewaye shi da shi ne.

Ɗan akwatin nan wutar gida yake karɓa kai tsaye. A cikinsa akwai ɗan allo ƙarami da ke juya wutar ya rarraba ta ga jeri biyu ko huɗu na ƙwayaye, ba tare da ya sauke ƙarfinta zuwa wanda ba ya cutarwa ba. Ma'ana, duk tsawon wannan siririyar wayar da aka naɗe bishiya da ita, wadda yara ke ja, tana ɗauke da wutar da za ta iya kayar da babba. Wayoyin an ɗan ɗiga musu dalma ne a jikin allon, wani lokaci da ɗigon gam a kai, babu abin da ke riƙe su in an ja. In ka fere wayar za ka ga silin ƙarfen ciki bai wuce 'yan ƙwarori ba, wani lokaci ma ba jan ƙarfe ba ne tsantsa, shafa shi kawai aka yi a kan wani ƙarfen mai arha.

Ƙwayayen a jere suke kamar na tsohon yayi, kuma galibi babu wayar ko-ta-kwana. Shi ya sa mutuwarta ke zuwa kala-kala: yau duk jajaye sun ɗauke, shuɗi da kore na ci. Jeri guda ne ya yanke. Neman ƙwan da ya jawo haka aiki ne, domin an rufe gindin kowane da robar da aka ƙona ta manne, sai an yanka. In ma ka same shi, ƙwan LED yana da gaba da baya, in ka juya ƙafafunsa ba zai kama ba, kuma ja da rawaya bolt biyu-biyu suke sha yayin da shuɗi da fari ke shan wajen uku, ba a musanya su yadda aka ga dama.

Akwai kuma wani ɗan abin haushi da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Da yawa daga cikin akwatunan nan ba sa tuna salon da ka zaɓa. Ka danna ka danna har ka kai ga haske mai tsayawa cak, aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ta koma walƙiyar farko kamar motar 'yan kwana-kwana. A unguwar da ake ɗauke wuta sau da yawa a dare, ka zama ɗan aiken akwati.

Me ake iya gyarawa a jikinta? Abu ɗaya: in waya ta cire daga allon akwatin, mai gyaran rediyo zai mayar da ita da dalma cikin minti kaɗan, ya ɗaure wayar daga ciki don kar ta sake fita. Wannan ya halatta. Amma murɗe waya biyu da hannu a tsakiyar igiya a naɗe da baƙin salatif, a kan wutar bolt 230, a cusa cikin ganyen roba, ban yarda da shi ba ko na dare ɗaya. Zafi yana sassauta salatif, kuma mahaɗar da ba ta kama sosai ba ita ce ke yin zafi. A kan irin wannan fitilar ce Bahaushe ya ce araha ba ta ado, duk da cewa don ado aka yi ta.

Mai taransifoma a filogi

Daga nesa ta yi kama da ta baya, amma dubi filoginta: ƙato ne mai nauyi kamar babbar cajar waya, kuma a jikinsa an rubuta abin da yake fitarwa, yawanci bolt 24 ko 31. Wutar gida a cikin wannan filogin take tsayawa. Abin da ke bin igiya zuwa bishiya wuta ce mai rauni wadda ko waya ta kwaile ba za ta yi kisa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa ta gaba a gidan da ke da masu rarrafe.

Salon mutuwarta ma ya fi sauƙi. An kasa ƙwayayen ƙungiya-ƙungiya, in abu ya lalace yawanci ɗan yanki ne ke yin duhu, sauran su ci gaba, ka tura mataccen yankin bayan bishiya wajen bango. In wuta ta zo da hauka, filogin ne zai ƙone ya bar igiyar lafiya, kuma shi ana kwance shi daga igiyar a sa wani.

Sai dai a nan akwai tarko. Ba kowace caja mai bolt iri ɗaya ce za ta maye gurbinsa ba. A masu waya biyu da ke walƙiya, an jera rabin ƙwayayen suna fuskantar gaba, rabi suna fuskantar baya, filogin ne ke juya wutar da sauri yana kunna waɗannan ya kunna waɗancan. In ka sa masa adafta na gama-gari, rabin ƙwayayen kawai za su kama, ka ɗauka igiyar ce ta lalace. Sai ka nemi irin nasa. Shawarata ga mai hali ita ce ya sayi biyu iri ɗaya tun farko, ko ba komai filogin ɗaya zai ceci ɗayar.

Ta fi mai akwati tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a kowane shago ake samunta ba, sai manyan kantuna ko masu kawo kaya daga Turai. Kuma filogin nata galibi an rubuta masa 220 zuwa 240 ne, don haka in wutar unguwa ta yi ƙasa sosai, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, yana iya ƙin tashi ko ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Mai USB da mai batir

Wannan ita ce siririyar waya mai kama da zaren jan ƙarfe ko azurfa, da ƙwayaye ƙanana kamar ɗigon ruwa a manne a jikinta. Tana aiki da bolt 5 daga cajar waya, ko batir uku 'yan yatsa. A ganina ita ce ta fi dacewa da halin wutarmu, saboda dalilin da bai shafi kyau ba ko kaɗan: ba ta dogara da NEPA. Ka jona ta a fawa-banki, a ɗauke wuta a kawo, ita ko a jikinta. Fawa-banki mai lamba 10,000 yana riƙe igiya mai ƙwai ɗari dare da yawa in ana kashewa lokacin barci, domin abin da take ci bai wuce wat ɗaya zuwa biyu ba. In ma a caja ka jona ta, duba jikin cajar za ka ga yawancinsu an rubuta 100 zuwa 240, wato suna jure wutar da ta yi ƙasa fiye da komai a gidan.

A wannan irin kowane ƙwai da hanyarsa, ba a jere suke ba, don haka mutuwar ɗaya ba ta shafar maƙwabcinsa. Rauninta a wayar yake. Siririya ce, in aka lanƙwasa wuri ɗaya sau da yawa sai ta karye, kuma daga inda ta karye zuwa wutsiya duk ya mutu. Daɗin abin shi ne kana ganin wurin da idonka, ƙwan ƙarshe mai haske ne ke nuna maka. Ka yanke mataccen ɓangaren ka ci gaba da saura, ko a kankare fentin da ke kan wayar a liƙe da dalma, babu fargabar jan wuta.

Aibunta a bayyane suke. Haskenta bai kai na sauran ba, a babbar bishiyar majami'a za ta ɓace. In ta yi tsawo da yawa wutsiyar tana dusashewa, don haka gara gajeru uku da doguwa ɗaya. Wasu fawa-bankin suna kashe kansu in abin da aka jona bai ja wuta sosai ba, sai an gwada. Mai batir kuwa tana cin kuɗi a hankali, haske yana raguwa kullum, kuma in aka manta da batir a ciki har shekara ta zagayo, ruwansa zai zubo ya cinye ƙarafan akwatin. In an sami zaɓi, a ɗauki mai USB.

Mai sola ta tsakar gida ce da katangar coci, ba ta falo ba, domin wayar da ke tsakanin faifan da ƙwan farko gajeriya ce. Batirinta ƙarami ne guda ɗaya, kuma Disamba watan hazo ne: ƙura ta kwanta a kan faifan, rana ta dusashe, ƙarfe tara na dare ta fara lumshewa. Goge faifan kullum da tsumma mai ɗan danshi yana ƙara mata sa'o'i. Kuma in ka kafa ta ƙarƙashin fitilar tsaro ba za ta kama ba sam, domin faifan ne ke gaya mata dare ya yi, shi kuwa yana ganin haske.

Bishiyar da ke zuwa da fitilunta a naɗe tun daga kamfani ba na ba kowa shawarar sayenta. Bishiyar roba tana shekaru, fitila ba ta kai haka, ka ga an ɗaura mai tsawon rai da mai gajeren kwana. Wanda ya riga ya saya kuma ta mutu, ya cire filogi, ya bi da almakashi ya tsinke wayoyin, ya naɗa sabuwa.

Kuɗin wuta, da halin wutar

Ana yawan tallar LED da cewa tana rage kuɗin wuta, kuma gaskiya ne, sai dai a kan bishiya ɗaya lissafin ba shi da girma. Igiya mai ƙananan ƙwai 100 na tsohon yayi tana cin wajen wat 40. In ta yi awa shida kullum na kwana 30, yunit bakwai da ɗan ɗoriya ke nan. LED mai yawan haka da ke cin wat biyar ba za ta cika yunit ɗaya ba. Ko a farashin rukunin A, wato na unguwannin da suka fi samun wuta, wanda hukumar kula da lantarki ta Nijeriya, NERC, ta kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, bambancin wata guda bai kai naira dubu biyu ba. Inda abin ke da nauyi shi ne gidan da ke kan inbata ko ƙaramin sola, inda wat 40 na awa shida yake nufin fanka ko talabijin ta rasa rabonta kafin asuba, da kuma cocin da ke rataya igiya goma sha.

Abin da ya fi cin fitilu a nan ba tsawon aiki ba ne, lokacin dawowar wuta ne, da kuma ƙaramin janareta da ke hawa da sauka duk sanda firji ya tashi ko aka jona dutsen guga. Mai zare da mai akwati su ne ke shan wannan duka kai tsaye. Wanda ya nace sai su, ya saba da zare filogi da zarar an ɗauke wuta, ko ya jona su ta bayan na'urar nan ta kare firji da ke jinkirta shigar wuta na 'yan mintuna. Kuma in filogin mai ƙafa uku ne irin na Ingila, a duba fis ɗin ciki: na amfiya 3 ya dace da fitilar ado, ba na 13 da ake sa wa hita ba.

To, ta bara da ke hannunka fa?

Fara daga bango. Jona wani abu a soket ɗin ka tabbata yana da wuta, sannan fis, sannan inda waya ta shiga filogi da inda ta shiga akwati, domin nan ne ake yawan ja. In igiya tana kamawa tana ɗaukewa idan ka motsa wani wuri, waya ce ta karye a cikin robarta a daidai nan. In mai zare ce kuma rabi ya mutu, cire filogi tukuna, ka bi ƙwayayen mataccen rabin kana danna kowane cikin mazauninsa. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In bai ƙare ba, akwai testa mai kama da biro wadda ke ƙara idan an kusantar da ita ga waya mai wuta ba sai ta taɓa ƙarfe ba, masu wayarin suna da ita. Da ita ba sai ka bi ƙwai ɗaya-ɗaya ba. Ware wayar da ke shiga ƙwan tsakiya daga sauran, ka mayar da filogi, ka gwada. In akwai wuta, matsalar tana gaba, in babu tana baya. Ka sake raba wancan rabin biyu, haka-haka. A jerin ƙwai 50, gwaji shida ya isa ya kai ka kan mai laifin.

Amma akwai alamun da in ka gan su ba a gwaji: roba ta yi tauri tana farfashewa in an lanƙwasa, ɓera ya ɗanɗana wayar, akwati ya narke ko ya canza launi, warin ƙuna, ko mahaɗar salatif fiye da ɗaya daga gyaran shekarun baya. Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ne ke dafa robar, danshin damina kuma ya sa ƙafafun ƙwai tsatsa, don haka inda aka ajiye igiya wata goma sha ɗaya ya fi wata ɗayan da ta yi tana aiki tasiri a kan lafiyarta. A naɗe ta a jikin yankin kwali, a sa a leda ko bokiti mai murfi, a ajiye a ƙasa cikin ɗaki, ba a silin ba.

In ni ne zan zaɓa wa ƙaramar bishiyar falo a gidan yara, mai USB biyu ko uku da fawa-banki zan ɗauka, in huta. Babbar bishiya, ko ta gaban majami'a da zumuntar mata da matasa ke haɗa kuɗi su ƙawata, mai taransifoma ce ta dace, kuma in a waje za a rataya a nemi wadda aka rubuta wa IP44 a jiki, alamar tana jure fantsamar ruwa. IP20 ta cikin ɗaki ce kawai. Mai zare ta gado, wadda aka saba da haskenta, a bar ta ta ci gaba muddin wayarta na da laushi kuma ana canza mataccen ƙwai a ranar da ya mutu. Wanda hasken nan ruwan zuma ne ke riƙe shi ga tsohon yayi, akwai LED mai irin wannan launin, a kwalinta akan rubuta lamba 2700K ko kusa da haka. Mai lamba 6000 zuwa sama ita ce fara fat ɗin nan mai kama da fitilar asibiti.

Mai akwati kuwa, na san da yawa ita za su saya domin ita aljihu ya kai, kuma ita ce a kusa. In haka ne, a saye ta da sanin cewa ta kaka ɗaya ce, a rataye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da labule da auduga, kar a jona ɗaya a wutsiyar ɗaya, a kuma zare ta daga soket kafin a kwanta ko a tafi sujadar dare. A wurin saye kar ka yarda da kunnawar daƙiƙa biyu. Ka ce a bar ta a kunne kana cinikin wani abu, bayan minti biyar a zare filogin ka taɓa akwatin ka ji ko ya yi zafi. Ka ɗan ja wayar a bakin akwatin a hankali ka ga ko tana motsi. Tambarin CE a kwali kamfani ne ke buga wa kansa, kowa ma yana iya bugawa, don haka kaurin wayar da nauyin filogin a tafin hannunka sun fi shi gaya maka gaskiya. In igiya biyu suna gabanka farashi kusan ɗaya, ɗauki mai ƙarancin ƙwai da kaurin waya.